Aiken da Ummu Nasir Ta Ba Ni Zuwa Paris

Tun da muka dawo ban huta ba. Wadda ta gan ni a Haramin Madina sai ta ja ni gefe, wadda ba ta gan ni ba ta bugo waya, tambayar dai ɗaya ce: yaya Paris? Wasu turare suke nema, suka fake da tambaya. Wasu kuma na san su sarai, Paris ba ta dame su ba, labarin Alhaji Idi suke son ji. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, kuma shi da kansa ya ce kada in ɓoye wa kowa komai. Kowace ta karanta, a bar ni in sha shayina.

Ga wadda ba ta san mu ba, mu mutanen Zariya ne. Maigidana, wanda nake kira Malam, mai haɗa magunguna ne a wani asibiti a nan Madina, shekararmu goma sha ɗaya a unguwar Sultana. Duk mai gida a garin nan ya san shi masauki ne, ko yana so ko ba ya so. Wanda kuka yi firamare tare zai sauka, ƙanin surukin maƙwabcinku na Tudun Wada zai sauka, kuma ba wanda zai tambayi wace ce take tsaye a kan tukunya. A cikin baƙin nan akwai Alhaji Idi, mutumin Damagaram, mazaunin Paris. Shekara bakwai a jere yana zuwa umarar azumi yana sauka wurinmu. Mutum ne dogo mai tsafta, babbar rigarsa kullum da guga, ba ya da yawan magana. Duk ranar da zai tafi sai ya ce, “Hajiya, ku zo mini Paris, ko sau ɗaya in rama.” Idan an tambaye shi aikinsa sai ya ce yana aiki da hukumar birni. Ba wanda ya taɓa ƙara tambaya, domin babbar riga ta riga ta amsa sauran.

Bara ya nemi auren aminiyata Ummu Nasir. Ita haifaffiyar unguwar Anbariyya ce a nan Madina, kakanta ne ya tako daga Katsina da ƙafa, mijinta ya rasu shekara shida ke nan. Tana son Alhaji Idi, wannan ko makaho ya gani, amma ba wanda ya taɓa ganin gidansa ko ya san wani nasa. Da ta ji Malam ya sami hutu kuma za mu je, ta zo har gida ta kama hannuna.

“Binta, ya ukhti, ke ce idona,” in ji ta. “Ki duba mini gidansa, ki duba shugulinsa, wato aikinsa, ki tambayi jiran, maƙwabtansa. Abin da kika faɗa shi zan bi. Nasir ya ce ba zai sa hannu a takarda ba sai ya ji bayani.”

Nasir babban ɗanta ne, shi ne waliyyinta. Na ce mata, “Yaya, ki kwantar da hankalinki.” Ni kuwa a raina abin da nake ƙullawa daban ne: in zauna mako guda a gidan mutum a kawo mini abinci, in ga yadda abin yake.

Kafin mu ga jirgi sai da muka ga wuya. Malam ya yi sati biyu yana bin takardar fita da dawowa a wurin aikinsu, sannan muka yi Jidda neman biza. A can aka tambaye mu ko muna da niyyar zama a ƙasarsu. Na so in ce wa matar, baiwar Allah, ni da nake Madina me zan zauna yi a garinku, Malam ya taka mini ƙafa. Da na kawo maganar mu kama otal ko na kwana biyu ne, sai ya dube ni kamar na zagi wani.

“A garin da Alhaji Idi yake zan kwana a otal? In ya ji, da wane ido zan dube shi?”

Haka muka tashi daga filin jirgin Madina da akwati uku. Ɗaya kayanmu ne, biyu tsaraba: dabino, jarkar zamzam, carbi, dardumar salla, da ƙullin daddawa da kuka da na ce mutumin da ba shi da mata zai yi marmari. An gaya mana sanyi ya wuce, lokacin furanni ne, saboda haka ko suwaita ban ɗauka ba.

A filin jirgin Paris layi biyu ne. Masu jan fasfo suna wucewa kamar masu shiga ɗakin uwarsu, mu masu kore aka tsayar da mu ana duba fuska ana duba hoto. Da muka tsallake wannan, sai ga wani jami’i da kare. Karen ya wuce akwatin kowa, ya zo kan nawa ya zauna. Aka buɗe, aka kwance ƙullin daddawa, jami’in ya shinshina ya ja da baya, ya kira wani, shi ma ya shinshina ya kira na uku. Malam yana ta bayani da Turanci, su kuma sun yi kamar ba su taɓa jin harshen ba. A ƙarshe suka riƙe daddawar suka bar mana kuka. Bayan kwana uku na shiga wani kanti na ji warin cukunsu, na ce lallai an zalunce ni.

Alhaji Idi yana jiranmu a waje da farin kaftani da hula, ya ɗora wata ƙatuwar kwat a kai. Ya yi murna har idonsa ya kawo ruwa. Na yi ta baza ido in ga mota da direba, sai ya ɗauki akwati biyu ya nufi jirgin ƙarƙashin ƙasa. A cikin jirgin na yi wa matar da ke kusa da ni murmushi na gaishe ta, ta matsa da jakarta. Mutum sun fi ɗari a taragon, ba mai ce wa wani sannu, kowa ya kafa ido a littafi ko a takalminsa. Wani saurayi da budurwa kuwa suna tsaye a bakin ƙofa suna abin da ko ma’aurata sai sun rufe ɗaki, ba wanda ya ɗaga kai. Malam ya kama istigfari har muka sauka.

Gidan, daga waje, ya yi kyau ƙwarai. Dogon bene ne na dutse, da ƙatuwar ƙofa, da lif mai madubi a zaure. Na fara shirya abin da zan gaya wa Ummu Nasir. Sai Alhaji Idi ya wuce lif ɗin, ya ratsa tsakar gida ta wajen kwandunan shara, ya buɗe wata ƙaramar ƙofa. Matakala ce siririya mai murɗewa, hawa shida. A hawa na uku na zauna na huta, a na biyar na yafe wa duk wanda ya taɓa yi mini laifi. A can sama, ƙarƙashin rufi, akwai wani lungu da ƙofofi a jere, ɗakunan da masu gidan suke ajiye ƴan aikinsu a zamanin da. Ɗaya daga ciki shi ne gidan Alhaji Idi: gado ɗaya, risho na lantarki, famfo, taga a rufi. Bayan gida yana ƙarshen lungu, na kowa da kowa. Ɗakin bai kai kicin ɗina ba, amma ko ƙura ɗaya babu, kuma ya sayo sabon zanen gado, har da layin ninkin kanti a jikinsa.

“Nan za ku zauna,” ya ce. “Ni akwai ƴan’uwa a gidan ma’aikata, can zan riƙa kwana.”

Malam ya ce, “Haba Alhaji, ya za a yi mu kore ka daga ɗakinka?”

“Shekara bakwai kuna korar yaranku daga nasu saboda ni,” in ji shi, ya ɗora tukunya.

Ku ji wannan da kyau, ku matan Sultana da Anbariyya: kwana bakwai na yi a Paris ban taɓa ludayi ba. Da safe za mu tarar ya bar mana burodi mai tsawon sanda da man shanu da shayi. Wajen ƙarfe biyu zai hawo benen nan da kaftaninsa da jakar cefane, ya dafa shinkafa da miyar gyaɗa, ko tuwon semo da miyar kukar da na kawo, ya zuba mana, ya koma gefe. In na miƙe zan wanke kwano sai ya ce, “Hajiya, zauna.” Ran farko kunya ta hana ni ci sosai. Ran na uku ni ce nake tambaya ko akwai ƙari.

Da yamma yakan fita da mu yawo, kuma yammarsu ba ta ƙarewa, sai wajen tara ake magariba. Lokacin furannin da aka yi mana alkawari ya zo da iska mai shiga ƙashi da yayyafi sau huɗu a wuni, har sai da na ɗora kwat ɗin Alhaji Idi a kan abayata. Mutanen garin kuwa da rana ta leƙo na minti goma sai su zube a kan kujerun lambu su ɗaga fuska sama, su rufe ido. Mu da muke gudun rana a Madina kamar tana bin mu bashi, sai kallo. Mun hau hasumiyar ƙarfen nan da kuke gani a kalanda, bayan layin awa biyu, muka tarar da hazo a sama, Malam ya ɗauke ni hoto da shi. Mun shiga gidan tarihi, muka bi wani layin don ganin zanen wata mata da bai fi faranti girma ba, an sa shi a gilashi, jama’a suna turereniya kamar a Rauda ta masallacin Annabi. Na tambayi Alhaji Idi me ta yi. Ya ce shi ma bai sani ba, shekararsa ashirin da biyu a garin, ranar ce ya fara shiga.

Karnuka kam sun ji daɗin duniya a garin nan. Na ga kare da riga, na ga kare a kan kujerar gidan abinci, na ga tsohuwa tana yi wa kare magana da muryar da ake lallashin jariri. Kuma duk inda ya ga dama nan yake tsugunawa, uwargijiyarsa ta jira shi ya gama su wuce. Malam ya taka kashin sau biyu, ya sake alwala yana faɗa. Amma da safe sai ka ga titi fes, ruwa yana gudu a gefen hanya. Na ce wa Alhaji Idi, ko su wane ne masu wanke garin nan, suna da lada. Ya ce amin, bai ƙara ba.

Kwana huɗu suka wuce ina ci ina sha, aike yana nan ban taɓa ba. Gida na gani, amma aiki fa? Kunya ba za ta bar ni in tambayi mutumin da yake ciyar da ni ba. Sai na yi abin da kowace uwa take yi a Zariya in an zo neman ƴarta: a tambayi maƙwabta. Ran na biyar da hantsi, Malam ya fita neman katin waya, na zuba dabino a faranti na fara ƙwanƙwasa ƙofofi.

Ƙofar farko wani ɗalibi ya buɗe da gajeren wando, na ce “Idi, Idi,” ina nuna ɗakin, ya ɗaga kafaɗa ya rufe. Ta biyu ba a buɗe ba, ido kawai na gani ta huda. Da na gama da lungunmu sai na ce ai maƙwabtaka ba ta tsaya a hawa ɗaya ba, na sauka na zagaya ta wajen masu lif. Wani mutum mai gilashi ya dubi abayata, ya dubi farantin, ya yi ta magana da ƙarfi yana nuna mini matakala. Wata ta miƙo mini tsabar kuɗi ta ƙasan sarƙar ƙofa. Ni Binta, matar mai haɗa magunguna, da zoben zinariya a hannuna. Gida guda, shekara goma sha biyu mutum yana kwana a saman kansu, ba wanda ya san sunansa.

A ƙasa na ci karo da mai kula da gidan, wata dattijuwa ƴar Maroko. Larabcinta da nawa sai da suka yi kokawa kafin su fahimci juna, amma dabinon Madina ya gyara tsakaninmu, ta sumbace shi ta sa a aljihu. Ta ce Idris mutumin kirki ne, ba ya sha, ba ya kawo kowa, kuma akwai wata tsohuwar Baturiya a lungunsu da ƙafa ta gaza, shi yake hawo mata da cefane kullum, ƴaƴanta kuwa sai a waya. Na ce aikinsa fa? Ta dube ni da mamaki, ta ce ai kowa ya sani. Kafin ta ƙarasa, wayar ɗakinta ta yi ƙara. Mai gilashin nan ne, ya riga ya kira mai gidan ya ce ɗakin mutum ɗaya an cika shi da baƙi, har suna bara ƙofa ƙofa.

Ranar Alhaji Idi ya hawo a makare, da takardar gargaɗi a hannunsa. Malam ya buɗe baki zai fara yi mini faɗa, Alhaji Idi ya ɗaga masa hannu. Ya dafa abinci kamar kullum, sai da muka ci ya ce:

“Hajiya, Ummu Nasir ce ta aiko ki?”

Na ce ita ce. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

“Tana da gaskiya. Ni ya kamata in faɗa tun a Madina, bakina ya yi nauyi. Gobe bayan kun karya ku sauko bayan kasuwa, ku ga ofishina.”

Washegari muka sauka. Ga shi can a bakin titi cikin koren kaya tun daga hula har wando, da doguwar tsintsiya ta roba, ita ma koriya. Ya sa wani ƙarfe ya murɗe famfo a gefen hanya, ruwa ya ɓulɓulo, ya tare shi da naɗaɗɗen tsumma ya juya shi inda yake so, yana bi da tsintsiya yana kora guntun sigari da ganye da abin da karnuka suka bari. Mai gidan burodi ya leƙo ya gaishe shi da suna. Bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen layin, sannan ya jingina tsintsiyar ya zo.

“Wannan ne,” ya ce. “Shekara ashirin. Da shi na aurar da ƙannena, da shi nake zuwa umara. Saura shekara huɗu in yi ritaya. Ki gaya mata duka, Hajiya, kada ki rage. In za ta karɓe ni, ta karɓe ni da kayan nan.”

Na ce Allah ya yi albarka. A raina na ji ina girmama shi fiye da duk lokacin da na gan shi cikin babbar riga.

A jirgin dawowa Malam ya yi ta yi mini nasiha. Ya ce mun ci abincin mutum, in ce ma’aikacin hukumar birni ne in yi shiru, ai ba ƙarya ba ce. Ya ce na san yaran da aka haifa a Madina, kansu a sama yake. Na ce amana aka ba ni ta ɓangare biyu, kuma duka biyun abu ɗaya suka ce in yi. Ya ce to, ya juya ya yi barcinsa.

Kwana biyu da saukarmu na tafi Anbariyya bayan la’asar. Ummu Nasir ta dafa gahawa, ta kira Nasir ya zauna a bakin ƙofa don ya ji da kunnensa. Na faɗi komai: hawa shida, sabon zanen gado, miyar gyaɗa, tsohuwar da yake yi wa cefane, takardar gargaɗin da na jawo masa bai ko ɗaga mini murya ba. Tana ji tana murmushi tana gyara mayafi. Sannan na faɗi koren kaya da tsintsiya. Ita ko gezau ba ta yi ba.

“Babana ruwa ya yi ta ɗauka a kafaɗa a unguwar nan,” ta ce. “Ana muwafiƙa, na yarda.”

Nasir yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa. Ya miƙe ya gyara gutrarsa, mayafin da mazan Larabawa ke ɗorawa a ka.

“Zabbal, ya ummi?” Wato mai kwasar shara. Ya ce yana da abokan aiki, yana da surukai, ƙannensa mata ba su yi aure ba tukuna, ba zai sa hannu ba ko za a shekara ana magana. Uwar ta kira sunansa sau biyu, ya sa takalmi ya fita.

Gahawa ta huce a gabanmu. Can ta ɗauki kofina ta zubar ta sake zuba mini mai zafi.

“Ni na aike ki, kuma kin cika aike, ban ga laifinki ba,” ta ce. “Bas wallahi, Binta, da kin bar tsintsiyar nan a can.”

Ni aka bar wa kiran Paris, tunda ni na kai aiken. Na jira ranar Juma’a, lokacin da na san ya tashi daga aiki, na buga wa ƴar Marokon ta hau ta kira shi. Na daɗe riƙe da waya kafin ya sauko hawa shidan nan, ina jin hakinsa. Ya tambayi Malam, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gwiwata ko ta warke.

Na ce, “Alhaji, na faɗa mata duka, kamar yadda ka ce. Ita ta yarda. Ɗanta ne ya ƙi.”

Sai ya ce, “Ita ta yarda?”

Na ce ta yarda, da tsintsiyar da komai.

“To alhamdu lillahi,” ya ce. “Ki sake faɗa mini yadda ta ce, Hajiya. A hankali.”